Maiƙo da lafiyar ƙashi: amsa ga wata malama daga Tawa

“Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce a nan Tawa, shekaruna 54, kuma al'ada ta ɗauke mini. An auna ni an ce hawan jini ya fara kama ni, nauyina ma ya yi yawa, aka ce in rage maiƙo. Da na fara ragewa sai yayata ta ce kada in kuskura, wai idan mace ta bar cin mai da man shanu ɓargonta zai bushe, ƙashinta ya yi rauni. Wata abokiyar aikina kuma ta ce sam, mai ne yake cinye ƙashi, shi ya sa gwiwoyina suke ciwo. Mahaifiyarmu ta faɗi a tsakar gida ta karye a ƙugu, ba ta sake takawa ba har Allah ya yi mata rasuwa, saboda haka abin yana ba ni tsoro. Wace ce mai gaskiya a cikinsu?”

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Abin da kike son sani, idan na fahimce ki da kyau, shi ne ko rage mai da aka umarce ki da shi don lafiyar zuciya da jini zai zama asara ga ƙashinki, ko kuwa riba ce. Amsar a taƙaice ita ce kowace cikinsu ta riƙe wani gefe na gaskiya, amma dukansu sun ba mai matsayin da bai kai ba. Mai yana taɓa ƙashi ne ta bayan fage, wato ta hanyar bitamin ɗin da yake ɗauka zuwa jini, da nauyin da yake ƙara wa jiki, da kuma abincin da yake turewa daga kwano idan ya yi yawa. Abubuwa uku da kika faɗa a wasiƙarki, shekarunki da ɗaukewar al'ada da karayar ƙugun mahaifiyarki, sun fi yawan man da ke cikin tukunyarki nauyi a wurin likita nesa ba kusa ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a raba ciwon gwiwa da raunin ƙashi, domin a ɗakin duba marasa lafiya kusan kullum a haɗe ake kawo mini su da sunan “sanyin ƙashi”. Ciwon gwiwa irin na mai shekaru 50 zuwa sama, wanda yake tsananta wajen tashi daga tabarma ko durƙusawa a salla, galibi lalacewar guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙasusuwan gaɓa ne, kuma ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. A nan abokiyar aikinki ta kusa gaskiya, sai dai nauyin jiki ne ke danne gwiwar, man bai ci komai ba. Zaizayewar ƙashi kuwa, wadda alamu suka nuna ita ce ta sami Mama, ba ta da ciwo ko kaɗan, mutum yana yawo da ita shekara da shekaru bai sani ba, sai ranar da ya yi ɗan tuntuɓe ya karye a wuyan hannu, ko a ƙashin baya, ko a ƙugu.

Yadda ƙashi yake sabunta kansa

Ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini, kuma a kowane lokaci akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a cikinsa: wasu suna kankare tsohon ƙashi, wasu suna bin bayansu suna zuba sabo. Kamar gidan laka yake, damina ta wanke bango, bayan kaka a sake yaɓe, kuma muddin yaɓen yana cike abin da ruwa ya tafi da shi gida yana nan tsaye. Ta wannan hanya babban mutum yana sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa a kowace shekara. Kayan aikin su ne furotin, wanda shi ne saƙar ciki, da kalsiyam da fosforas masu taurara ta, kuma kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake. Ƙashi yana kai ƙarshen ƙarfinsa wajen shekara 30, daga nan ya riƙa raguwa sannu a hankali. Ga mace kuwa, idan al'ada ta ɗauke sinadarin istrojin da ke taka wa masu kankara birki yana faɗuwa, sai raguwar ta yi sauri, har takan kai kusan kashi 2 cikin 100 a shekara na tsawon wasu shekaru. A cikin wannan zangon kike yanzu.

Maganar bushewar ɓargo tana buƙatar a tsaya a kanta, domin yayarki ba ita kaɗai take da wannan fahimta ba. Gaskiya ne ɓargon dogayen ƙasusuwan babban mutum yawancinsa kitse ne, kamar dai wanda ake gani idan an fasa ƙashin saniya. Amma abin da ake samu a jikin masu zaizayewar ƙashi akasin zaton mutane ne: kitsen ɓargonsu ƙaruwa yake yi, yana cike gurbin ƙashin da ya tafi. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da ke gina ƙashi da ƙwayoyin kitse na cikin ɓargo uwarsu ɗaya, kuma idan tsufa ko wani magani ya karkata uwar zuwa haifar ƙwayoyin kitse, masu gini sai su yi ƙaranci. An ga wannan a fili da wani maganin ciwon suga mai suna piyogilitazon, wanda yake yin irin wannan karkatarwa, aka kuma tabbatar yana ƙara yawan karaya ga mata. Haka nan ɓargon da mutum ya tsotsa ba ya zarcewa cikin ƙashinsa, hanji yana narkar da shi kamar kowane kitse. Romon ƙafar saniya yana da daɗi, yana da ɗan furotin, amma kalsiyam ɗin da ke fita daga ƙashi zuwa ruwan romo kaɗan ne ƙwarai, ko da an kwana ana dafawa.

Inda yayarki take da gaskiya

Bitamin A da D da E da K ba sa narkewa cikin ruwa, sai cikin mai, saboda haka hanji ba ya tsotse su yadda ya kamata idan abinci ba shi da maiƙo sam. Biyu daga cikinsu sun shafi ƙashi kai tsaye. Bitamin D shi ne yake buɗe wa kalsiyam ƙofa a hanji: idan babu shi jiki yana karɓar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na kalsiyam ɗin abinci, idan yana nan wadatacce kuwa ya kai 30 zuwa 40. Mafi yawansa fata ce take ƙera shi idan rana ta taɓa ta, kuma mutum zai ce a Adar wa zai rasa rana, amma matar da take fita a lulluɓe daga gida zuwa aji, ta wuni a inuwa, ta koma gida da la'asar, tana iya rasa shi a tsakiyar bazara, balle baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta ƙera abin da ya isa. Duk wadda aka rubuta wa ƙwayar bitamin D, ta sha ta tare da abinci mai ɗan maiƙo, domin ta fi shiga jiki a haka. Bitamin K kuma, wanda yake taimaka wa wani furotin na ƙashi ya kama kalsiyam, a ganye yake: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuka. Kwaɗon zogale da ake yi da ƙuliƙuli da ɗan cokalin man gyaɗa haɗi ne mai kyau ta wannan fuska, domin ganyen ya kawo bitamin da kalsiyam, man kuma ya taimaka wa bitamin ɗin ya shiga jini.

Akwai kuma ƙa'idar ƙasa da bai kamata a sauka ƙarƙashinta ba. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa mafi ƙarancin abin da babban mutum yake buƙata daga mai a kan kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke ba shi a yini. A cikin gari da wuya a sami wanda bai kai wannan ba, amma a ƙauye ana samu, musamman tsofaffin mata a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, waɗanda abincinsu farau-farau ne da tuwo da miyar da ba ta ga mai ba. Ramewar jiki tana cikin manyan abubuwan da ke kawo karayar ƙugu, domin ƙashin ramamme ba ya samun nauyin da zai ƙarfafa shi, tsokarsa ba ta da ƙarfin tare faɗuwa, babu naman da zai kare ƙugu idan ya bugi ƙasa, kuma bayan ɗaukewar al'ada ɗan istrojin ɗin da ya rage wa mace a cikin kitsen jikinta ake ƙera shi. Irin wannan tsohuwa idan aka kawo mini ita, cewa nake a ƙara mata mai da nono da ƙwai. Amma wannan ba halinki ba ne, Malama.

Abin da bincike ya nuna game da yawan mai

Gwaji mafi girma da ya dace da tambayarki a Amurka aka yi shi, cikin wani shiri na lafiyar mata da aka fara a shekarun 1990. An ɗauki mata 48,835 masu shekaru 50 zuwa 79, aka koya wa wani rukuni rage mai da ƙara ganye da ƴaƴan itace, aka bar sauran a kan cimarsu, aka bi su kimanin shekara 8. Waɗanda suka rage mai ba su fi sauran karyewa ba, ba su kuma fi su tsira ba. An dai ga ɗan ragin kaurin ƙashin ƙugu a wurinsu, wanda ya tafi tare da ɗan nauyin da suka sauke. Wannan shi ne hujja mafi ƙarfi da zan ba ki cewa rage mai daidai gwargwado ba zai karya ki ba, kuma ba shi ne zai kare ki ba.

Irin man kuwa wata magana ce. Wani nazari da aka buga a 2010 kan matan wannan shiri ya nuna cewa masu yawan cin kitse mai daskarewa, irin na nama da man shanu, sun ɗan fi yawan karayar ƙugu. A Ispaniya an ga masu yawan cin man zaitun sun fi ƙarancin karaya. Irin waɗannan nazarce-nazarce lura ce kawai da abin da mutane suka ce suna ci, ba sa iya tabbatar da cewa man ne sanadi, domin mai cin kitse da yawa sau da yawa shi ne kuma mai ƙarancin motsi da cin ganye. Da aka zo gwada omega-3, wato irin maiƙon da ake samu a man kifi, a matsayin ƙwaya, a wani gwaji na mutum 2,157 masu shekara 70 zuwa sama a ƙasashe 5 na Turai wanda aka buga sakamakonsa a 2020, giram 1 a kullum na tsawon shekara 3 bai rage karaya ba. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya kashe kuɗinsa a kan kwalbar ƙwayar man kifi don ƙashi, haka ma man zaitun mai tsada da ake kawo wa daga waje. Man gyaɗa namu, kusan rabinsa irin sinadarin da ya fi yawa a man zaitun ne, kuma kitse mai daskarewa a cikinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, alhali a manja da farin man kwakwar manja na jarka ya kusa rabi, a man shanu kuma ya haura kashi 60.

Wani abu da abokiyar aikinki wataƙila ta ji an faɗa shi ne cewa mai yana ɗaure kalsiyam a hanji. Haka ne, man da bai narke ba yana haɗuwa da kalsiyam su zama wani abu mai kama da sabulu su fita a bayan gida. Amma lafiyayyen hanji yana tsotse kusan kashi 95 cikin 100 na man da aka ci, don haka asarar ba ta taka kara ta karya ba sai ga mai ciwon saifar suga, wato gaɓar da ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji, ko toshewar matsarmama, ko wanda aka yanke wa hanji, waɗanda za a ga bayan gidansu fari-fari, mai maiƙo, yana tasowa kan ruwa.

Hanyar da yawan mai ya fi cutar da ƙashi ita ce ƙiba. A da ana ɗaukar ƙiba kariya ce, tunda mai nauyi ƙashinsa ya fi kauri a na'urar awo. Yanzu an gane kariyar rabi ce: mai ƙiba ya fi ƙarancin karayar ƙugu, amma ya fi yawan karayar idon sawu da ta dantse, kitsen jikinsa yana ɓoye bitamin D ya hana shi yawo a jini, kuma idan ciwon suga ya biyo baya ƙashin yakan yi gautsi ko da awo ya nuna kaurinsa lafiya lau.

Dole in faɗi iyakar duk waɗannan hujjoji. An tattara su ne a kan Turawa da Amurkawa, waɗanda suke shan madara da cin cuku kullum. A ƙauyen Keneba na Gambiya, inda masu bincike daga Ingila suka daɗe suna aiki, an auna kalsiyam ɗin da mata ke samu a yini ya tsaya tsakanin miligiram 300 da 400, alhali ana son babban mutum ya sami wajen 1,000, mace mai shekarunki ma 1,200 a ƙa'idar Amurka. Cimar da ta dogara da hatsi da dawa da shinkafa ba ta da nisa da wannan. A ganina giɓin da ke gabanmu a nan na kalsiyam da furotin ne, kuma laifin mai mafi girma shi ne yana cika ciki da arha: shinkafa da mai da yaji, fanke, soyayyar taliya, mutum ya ƙoshi har ya yi teɓa, ƙashinsa kuwa bai sami abin gini ba.

Man shanu, tsala da cuku

Nan ne ƴan jihar Tawa suke da abin da wasu ba su da shi, albarkacin shanun Azawak da makiyayan Abalak da kewaye. Idan Bafillatana ta kaɗa nono ta kwashe mai, kalsiyam ba ya bin man, a cikin tsalar yake zama. Man shanu giram 100 da ƙyar yake da miligiram 25 na kalsiyam, nono kuwa kofi ɗaya na rubu'in lita yana da kusan 300, kindirmo ne ko tsala, muddin ba a tsinka shi da ruwa ba. Ke nan mai hawan jini da nauyi irinki tana iya barin man shanu ya zama na ranar Juma'a ko na baƙi, ta riƙe tsala a furarta kullum, ba tare da ƙashinta ya yi asarar komai ba. Cuku ma nono ne da aka tattara aka shanya, ɗan yanki yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, sai dai yana tafe da kitsensa, don haka kaɗan ya isa. A tafasa ɗanyen nono kafin a sha, saboda cututtukan da ke tasowa daga dabba.

Bayan nono akwai garin kuka, wanda yake cikin ganyen da suka fi kalsiyam, da zogale, da riɗin da ba a cire wa ɓawo ba, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu cikin miya. Kifin gwangwani na sardin yana haɗa abu uku a wuri ɗaya, ƙaya mai laushi da bitamin D da omega-3, amma ki tsiyaye man ki kuma lura da gishirinsa. Kifin tafkin Tabalak furotin ne mai kyau, ko da yake kifin ruwan daɗi bai kai na teku omega-3 ba. Hanta kuwa sau ɗaya a mako ya wadatar, domin bitamin A irin na dabba idan ya yi yawa an danganta shi da karayar ƙugu a binciken da aka yi a Suwidin da Amurka. Irin wanda ke cikin karas da manja ba shi da wannan matsala.

Game da adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Ga matsakaicin mutum wannan ya kama giram 67, wajen cokalin cin abinci 5, kuma a ciki har da man da ke ɓoye a nama da gyaɗa da ƙosai da nono. Wanda ake zubawa a tukunya ke nan bai kamata ya wuce cokali 2 zuwa 3 ga kowane mutum ba. Tunda a gidajenmu tukunya ɗaya ce, abin da nake ce wa mata su yi shi ne su lura da kwalba: lita ɗaya giram 920 ce, idan gida mai mutum 8 ya cinye ta a kwana 4 kowa ya sami kusan cokali 2 a yini, wanda ya yi daidai, idan kuwa a kwana 2 take ƙarewa to an ninka. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ma ki rage su, domin ban da hawan jini suna sa ƙoda ta zubar da kalsiyam a fitsari.

Akwai abu ɗaya da ya fi kowane mai ɓarna ga ƙashi, kuma ina ganinsa a wurin aiki fiye da yadda nake so, wato ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda masu tallar magani a tire suke sayarwa, galibinsu deksametazon ne. Na duba wata mata da ba ta kai shekara 40 ba, fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, cikinta ya fito da jajayen zane a fata, ƙafafunta kuwa sirara, ta zo da ciwon baya da ya kama ta farat ɗaya lokacin da ta sunkuya ɗaukar bokiti. Hoto ya nuna ƙasusuwan bayanta sun lotsa. Irin wannan magani yana kashe ƙwayoyin gina ƙashi, kuma ɓarnar tana farawa cikin watannin farko. Ana sa shi ma a wasu haɗe-haɗen maganin ciwon gaɓoɓi marasa suna, saboda haka kada ciwon gwiwa ya kai ki gare su. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, sai likita ya janye mata a hankali.

A naki ɓangaren, ki ci gaba da rage man kamar yadda aka ce miki, amma ki sauke nauyin sannu, kamar rabin kilo a mako, domin saurin ramewa yana tafiya da ƙashi da tsoka. Ki haɗa da tafiyar ƙafa ta rabin awa mafi yawan kwanakin mako, da safe ko bayan la'asar, gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Ba zan iya sanin halin ƙashinki daga wasiƙa ba, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizayewa sai kusan kashi 30 cikin 100 ya riga ya tafi. Awon da ke nunawa da wuri na wata na'ura ce ta daban wadda ba kowane asibiti ke da ita ba. Idan kin koma wurin likitanki ki gaya masa cewa mahaifiyarki ta karye a ƙugu, domin wannan kaɗai yana kusan ninka haɗarin ƴa, kuma yana iya shafar maganin hawan jinin da zai zaɓa miki, tunda akwai wani iri cikin masu sa fitsari da yake rage zubar kalsiyam. Ki sa a auna tsawonki a rubuta. Idan ya ragu da santimita 4 daga yadda kika san kanki, ko bayanki ya fara ranƙwafawa, ko kika karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsayuwarki ba, to lokacin maganin ƙarfafa ƙashi ya yi, gyaran abinci shi kaɗai ba zai isa ba.